Yadda Na Yi Ta Binne Mahaifiyarmu A Zuciyar Yayana

A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ni budurwa ce mai buga tafireta a wani ofishi, ina ji da kaina sosai. Ina zaune a unguwar Sintali gidan yayana, magini ne, shi ya biya mini makaranta bayan rasuwar babanmu. Mamarmu ma tana tare da mu. Wata ranar Talata ya faɗo daga saman wani bene da suke ginawa, kansa ya bugu, ya yi kwanaki a asibiti bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo muka yi ta gode wa Allah, don ya gane kowa, yana tafiya da ƙafarsa.

Sai bayan an sallamo shi muka lura. Zai ba ka labarin ƙauyenmu tiryan-tiryan, har kalar akuyar da ya yi kiwo yana yaro, amma in ya ci tuwo aka ɗauke kwano, sai ya tambayi matarsa yaushe za a kawo abinci. Maƙwabta suka ce jifa ne. Ni kuwa na yanke cewa lalaci ne, ya ji daɗin zama. Ta yaya mutum zai rera waƙoƙin coci ba kuskure, ya ce ya manta safiyar yau?

Wata takwas bayan haka Mama ta rasu. Da shi aka binne ta. Washegari ya leƙa ɗakinta, ya tambaye ni ko ta tafi kasuwa ne. Na gaya masa, ya zube ƙasa yana kuka kamar yanzu ya ji. Jibi ma haka. Matarsa ta roƙe ni in riƙa cewa Mama ta je ƙauye, na ƙi, na ce ba zan taya shi wasan kwaikwayo ba. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, daga baya ko bai tambaya ba, in ya dame ni da maimaita magana, ni nake tuna masa rasuwar Mama don ya yi shiru. Ranar da matan zumuntar coci suka zo gaisuwa, a gabansu na daka masa tsawa na ce ta mutu, da hannunsa ya zuba mata ƙasa. Kowa ya sunkuyar da kai.

Da muka kai shi Jos, likita ya zana mana ƙwaƙwalwa a takarda. Ya nuna wani ɗan wuri can ciki, ya ce shi ke karɓar sabon abin da ya faru da mutum ya adana, kuma shi ya lalace. Tsofaffin abubuwa sun riga sun zauna a wasu sassan, shi ya sa suke nan. Ya ƙara da cewa labarin yana gogewa, amma zafin da ya bari yakan daɗe. A nan matarsa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ya sha gaya mata bai san dalili ba, amma da na shigo gida sai gabansa ya faɗi.

Da muka dawo na durƙusa na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ja baya kaɗan, ya ce bai tuna na yi masa komai ba, amma ya yafe. Na roƙe shi sau da yawa kafin ya rasu, amsar ɗaya ce kullum.

Na koyi cewa mantuwa irin wannan ciwo ne a cikin kai, kamar karaya a ƙafa, sai dai ba a ganinsa. In kuna da mai irin wannan lalura, ku kai shi asibiti, ku amsa masa tambaya ta goma da muryar da kuka amsa ta farko. Shi ya manta abin da na faɗa masa. Ni ce har yau nake tuna kowace kalma.