Kyaftin Tolliver Bai Koma Fili Ba

Ephraim Tolliver ɗan maƙeri ne a wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Hudson a Amurka. A samartakarsa wasan besbol sabo ne fil, ba safar hannu, ba albashi, sai dai a tashi daga aiki a nufi makiyayar bayan coci. Abokinsa Lucius Harkness, ɗan mai gidan burodi, shi ke jifan ƙwallo, Ephraim kuwa ya durƙusa bayan mai bugu da gora yana cafewa. Yatsunsa duk sun karkace, amma ko a jikinsa.

Da yaƙin Arewa da Kudu ya ɓarke, tare suka shiga soja. Lucius ya dawo garau, ya gaji tanderun mahaifinsa. Ephraim ya dawo da muƙamin kyaftin da ɓarɓashin harsashi a gwiwa.

Mutanen gari suka ba shi shugabancin hukumar ruwa. Ya riƙe amana, shi ya kai famfo har unguwar masaƙa. Sai dai ɗingishin nan ya tsaya masa a rai. Ba ya son waɗanda suka san gudunsa su ga yadda ya koma.

Duk bazara sai Lucius ya leƙo ofis, rigarsa fara fat da fulawa.

"Ranka ya daɗe, Asabar tsofaffi za su fito wasa. Ba wanda ya ce ka yi gudu. Durƙuso ne kawai!"

"Aiki ya sha kaina, Lucius."

"Wane aiki? Ruwa dai gangare yake bi, ko kana nan ko ba ka nan."

Ephraim ya yi dariya, ya ce sai baɗi.

Ana ta sai baɗi har furfura ta fito. Wani lokacin sanyi ciwon huhu ya kwantar da Lucius, bai tashi ba. A maƙabarta matarsa Adeline ta matso kusa da Kyaftin.

"Ka san tun da kuka dawo bai sake yi wa kowa jifa ba? In an miƙa masa ƙwallo sai ya ce a'a, mai cafe masa yana ofis, yana nan tafe."



Ephraim ya ci gaba da aiki har ƙarfi ya ƙare, ya koma gidan 'yarsa Clarissa. 'Yan jarida sukan zo neman labarin farkon wasan besbol. Nasa bai taɓa bayarwa ba, na Lucius yake yi musu har su gaji su tashi. A gidan ya rasu.