Daren da Tsoho Ya Jira Tambaya

Shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ina da shekara goma sha huɗu, kuma duk birnin Guangzhou babu wanda ya kai ni surutu sai ƙannena biyu maza, mai shekara shida da mai huɗu. Sun taɓa yi wa wani mai tasi tambayoyi tun daga kasuwar Baima, har bawan Allah ya wuce layinmu sau biyu.

A saman benenmu akwai wani tsoho Bayahude mai sayar da maɓalli da zif, suna haɗa kaya a kwantena ɗaya da Baba. Ran nan ya gayyace mu cin abincin sallarsu, ya ce lallai a zo da yara. Umma tana Kano, don haka a matattakala ni Baba ya tsare.

"Ke ce babba. In yaran nan suka ba ni kunya gaban mutane, ki manta da kallon wutar Olamfik."

Wata guda ke nan ina jiran ranar da za a ratsa gari da ita. Da muka shiga na hango wani ganye a faranti, na saci kaɗan na ɗanɗana, ɗacinsa ya kai min har kunne. Sai na ja yaran gefe na ce musu a gidan nan, duk yaron da ya yi magana ɗura masa ganyen ake yi da mazurari. Suka zauna kamar an dasa su.

Abinci kuwa ya ƙi zuwa. Tsoho ya yi karatu, muka sha ruwan inabi wanda ba giya ba, ya sake karatu. Ya wanke hannu, na gyara zama, sai ya tsoma ɗan ganye a ruwan gishiri ya miƙa mana. Ya karya wani burodi mai kama da kwali, ya naɗe rabi a tsumma, ya kalli yaran. Shiru. Ya ɗauke farantin gaba ɗaya daga teburi tun ba a ci ba, ya sake kallonsu. Shiru. Ni ma ina son sanin dalili kamar in mutu, amma ina jin daɗin aikina.

Can ya ajiye littafinsa ya tambayi Baba da Turanci ko yaran ba su da lafiya. Ya ce jikokinsa suna nesa, shi ya sa ya nemi mu zo. Duk abubuwan nan da yake yi, da gangan ne, don yaro ya ce me ya sa. A daren nan sai yaro ya tambaya ake ba da labari, sai an ba da labari ake cin abinci.

Baba ya juya. "Kai auta, tambayi Kaka wani abu mana."

Auta ya toshe baki da hannu biyu.

"Yi magana, ɗan albarka."

"Yaya ta ce za a ɗura mana ganye da mazurari!"

"Me ya ce?" in ji tsoho.

Baba bai iya ƙarya ba, ya fassara duka, har mazurarin. Tsoho ya yi dariya sai da 'yar hularsa ta zame. Ya ce to ai ga tambaya nan: me ya sa ganyen yake da ɗaci? Don a tuna bautar da kakanninsu suka sha a hannun Fir'auna.

"Fir'aunan Annabi Musa?" in ji mai shekara shida. "Mun san shi! An yi mana a Islamiyya!"

Shi ke nan. Kwaɗin da aka saukar wa Fir'auna nawa ne? Sun shiga tukunya? Da teku ta tsage, ina kifaye suka je? Me ya sa burodin bai kumbura ba, yis ɗin ne *meyo*, wato babu da Sinanci? Baba yana fassara yana gumi, matar tsohon ta ɗumama miya sau uku. Ni ma na jefa tawa game da ƙwan da ke farantin, Baba ya harare ni, amma ya fassara.

A matattakala na kasa haƙuri. "Baba, ai sun yi shiru."

"Sun yi. Ƙaryar ce ban aike ki ba."

Da ranar ta zo ya kai ni kallon wutar, da sharaɗin auta yana wuyana, ɗayan yana riƙe da zanina. Auta ya gan ta sarai. Ni ƙeyoyin mutane na gani, sai da muka koma gida na zauna ina tambayarsa yadda take.