Akushin da Hajiya Ta Mayar

Ni dai ban iya mantuwa ba, kuma ban taɓa roƙon Allah ya koya mini ba. 'Yan'uwana suna cewa zuciyar kakata ta wajen uba na ɗauko, wadda in ka taka ta yau za ta gaishe ka da fara'a har sai ranar da ƙafarka ta zo kusa da tata. Ban musa ba. Abin da aka yi wa Inna a gidan Alhaji ina riƙe da shi har yau da furfura a kaina.

Garinmu yana ƙasar Gwaram, daf da iyaka, inda in ka yi 'yar tafiya da ƙafa sai a ce maka ka shiga ƙasar Bauchi. A garin akwai gida ɗaya da ya fi ƙarfin kowa, shi ne gidan Alhaji. Ba a haɗa shi da suna, domin a shekarun da aka sami mulkin kai babu wanda ya je Makka a garin sai shi. Iyakar nan ita ce babbar gonarsa. Shanunsa suna kiwo a ɓangarorin biyu. In masu karɓar jangali suka ɓullo ta wajen Kano, kafin su gama gaisawa da mai gari shanun sun zama 'yan Bauchi, in na Bauchi suka taso sai su dawo gida. Yakan sayi gyaɗa da araha a can ya auna ta a sikelinsa a nan, motarsa ta katako ta kwasa zuwa Kano. Ya aurar da 'ya'ya mata a tsallake, ya auro wa 'ya'ya maza daga tsallake, har ta kai ba a suna ko ɗaurin aure a ƙauyukan nan ba a ga goron gidansa ba. A ruga Fillanci yake yi, a kasuwa Hausa, a gaban ma'aikatan gwamnati kuwa sai ya yi shiru ya bar babban ɗansa ya yi ta Turanci.

Baba da Alhaji tare suka fara fatauci da jakuna tun suna samari, suna kai kanwa da gishiri su dawo da fatu. Allah ya ɗaga ɗaya ya bar ɗaya inda yake. Amma Baba bai taɓa zama yaron Alhaji ba, kuma wannan shi ne abin da gidanmu yake tinƙaho da shi. Ciyayya suke yi. Wato kullum bayan magariba magidantan unguwa sukan taru a zauren Alhaji, kowa a kawo tuwo daga gidansa, a jera, a ci na wannan a ci na wancan. Wanda akushinsa yake zuwa zauren, to shi mai bayarwa ne, ba a lissafa shi cikin masu jiran a miƙo musu. Kuma akwai ƙa'ida da ko yaye ya sani. Ba a mayar da akushi a rufe. Ko mutum ya ƙoshi har wuya sai ya buɗe ya sa hannu. Ba a kuma mayar da shi wayam, sai an wanke an jefa wani abu a ciki, ko da ɓarin goro ne.

Namu akushin baƙi ne, na itace, ya sha man shanu har yana ƙyalli. Inna takan rufe shi da faifai, ta ɗaure da wani shuɗin ƙyalle, ta yi masa ƙulli mai kunne ɗaya wanda in ka ja kunnen sai ya warware gaba ɗaya. Duk unguwar an san ƙullin nan.

Da Baba ya rasu, Alhaji ya zo gaisuwa ya zauna a ƙofar gidanmu yana share hawaye da bakin rawani. A gaban jama'a ya ce, "Akushin ɗan'uwana kada ya yanke daga zaurena." Inna ta ji daga cikin gida, ta kuwa riƙe maganar da hannu biyu. Bayan ta fita takaba ta ci gaba da tuƙa tuwon kamar yadda ta saba, ni nake ɗauka, lokacin na zama budurwa. Akwai ranakun da dawar gidanmu ba ta kai ba, sai ta rage namu ta cika akushin. Ina yi mata mita, ta ce mini, "Muddin akushin nan yana fita, ba wanda zai kalle ku a matsayin marayun da ake ciyarwa."

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka canja fam aka koma naira, 'ya'yan Alhaji suka gano kwangila. Siminti, kwanon rufi, ginin azuzuwa, gyaran hanya. Suka rushe gaban gidan suka tayar da bene, na farko da idona ya taɓa gani, suka kawo injin wuta da yake hana kajin unguwa barci. Aka sa ranar walimar buɗe gidan, aka gayyato 'yan kwangila daga Kano da manyan 'yan kasuwa daga ƙasar Bauchi. Motoci suka cika fili har gindin tsamiyar masallaci.

Ranar Inna tun da hantsi take aiki. Ta surfa dawa mai kyau, ta tankaɗe garin har ya yi laushi kamar kwalli, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta yi da kanta, ta sa kazar da muke tanadi don salla, ta zuba man shanu. Ta ɗaure ta miƙo mini, ta ce in bi ta cikin gida tunda yau zaure na baƙi ne.

Na tarar da Hajiya, uwargidan Alhaji, zaune kan kujera a tsakar gida, haƙorin Makka yana walƙiya, mata sun kewaye ta. A gabanta an jera farantan tangaran da manyan samiru masu furanni, cike da shinkafa. Ita take nuna abin da za a fita da shi. Na durƙusa na gaishe ta na ajiye akushin. Ta dube shi, ta dube ni, ta yi mini kallon hadarin kaji.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Inna ce ta ce a kawo, na zaure."

Ta ce, "Yau baƙi ne daga Kano. Ba a fita da itace gabansu. Mayar mata, ki ce mun gode."

Ko kunnen ƙullin ba ta taɓa ba. Da yatsan ƙafarta ta ɗan ture shi wajena, don hannunta yana riƙe da mafici. Wata daga cikin surukanta ta kwashe da dariya, sauran suka sunkuyar da kai. Ba wadda ta tsaya mana, har da matan da Inna ta yi wa wankan jego. Na ɗauki akushin na ratsa tsakar gidan nan. A ƙofa na yi karo da Alhaji zai shiga. Ya ga akushin a kaina da ƙullinsa, ya san ko na wane gida ne, ya kau da kai ya gyara babbar rigarsa ya wuce. Wallahi ban san wanda na fi tsana a cikinsu ba a wannan rana.

Inna tana ganin ƙullin ta gane, ba sai na yi bayani ba. Ta karɓa ta ajiye a tabarma, ta ja kunnen da kanta, ta kira ƙannena. Muka zauna muka ci tuwon ana jin kiɗan kalangu daga gidan Alhaji. Ni kuka nake yi ina zagi, ina cewa sai na rama ko da zan mutu a kai. Ta ce, "Ci tuwonki." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta wanke akushin ta shafe shi da mai, ta tura ƙarƙashin gado. Bai sake fita ba, kuma daga gidan bene ba a aiko an tambayi dalili ba. Unguwa ta yi ta yabon haƙurin Inna, ni kuwa haƙurin nan haushi yake ba ni.

Na yi aure a Birnin Kudu, mijina direba ne. Na kafa rumfar abinci kusa da babban asibiti, kuma shekarun nan kowa da kuɗi a aljihu, leburorin hanya da direbobi da masu jinya, sai Allah ya sa wa rumfar albarka. Da ƙannena suka kama gabansu na ɗauko Inna ta dawo wurina. A cikin ƙunshin kayanta na ga akushin, na ɗauka don tunawa da Baba ta taho da shi.

Labarin gidan bene kuwa a bakin direbobi nake ji, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi yake yi mini kamar ana sosa mini baya. Fari ya cinye shanu, ciwo ya shiga gyaɗa har sikelin ya yi tsatsa. Alhaji ya rasu, 'ya'yan suka kama rigimar gado, wannan ya ja mota wancan ya ja gona. Babban ya tafi Legas, wani ya tare a Jos, injin wuta ya mutu ba wanda ya gyara. Duk wanda ya kawo mini irin wannan labari sai na ƙara masa nama. Amma bai ishe ni ba, domin Allah ne ya yi musu, ba hannuna ba.

Wata rana da azahar wata tsohuwa ta tsaya a rumfata da ɗan kwano tana neman a zuba mata romo kawai. Na dube ta da kyau, ashe wata 'yar'uwar Hajiya ce ta nesa da na sani a garinmu. Ta ce an kwantar da Hajiya a asibiti, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, ita kaɗai ce take jinyarta, 'ya'yan sun ce suna nan tafe. A wurinmu kuwa in ɗan garinku ya kwanta a asibitin Birnin Kudu, ku da kuke zaune a birnin ku ne masu kai masa abinci. Na zuba mata romon na sallame ta, na bar rumfar a hannun masu taya ni na nufi gida kamar zan tashi sama.

A hanya na gama tsara abina. Zan dafa shinkafa da kaji in jera a tangaran, in sa zinarina, in je in ajiye mata a gaban mutane ta ga yadda duniya ta juya. Na faɗa wa Inna haka ina haki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Akwai dawa a gidan nan?"

Na ce akwai.

Ta ce, "A surfa."

Inna, wadda ta daina shiga madafa saboda ciwon gwiwa, ita ta zauna a kan 'yar kujera ta tuƙa tuwon nan da hannunta, ta hana ni ko riƙe muciya. Ta kaɗa kuka. Ta sa aka jawo akushin, sannan ta buɗe akwatinta ta fito da shuɗin ƙyallen, ya koɗe ya yi fari-fari, a ninke tsaf. Ta ɗaure, ta yi ƙulli mai kunne ɗaya. Ina tsaye baki buɗe. Ashe duk shekarun da nake ta hargowa, matar nan da ake yabon haƙurinta ta fi ni riƙo.

Ta ce, "Kada ki kwance mata. Kada ki bar kowa ya kwance mata. Kuma ki tsaya."

Na shiga ɗakin mata na asibitin da akushi a ka, masu jinya suna kallona. Hajiya ta rame ta zama ƙarama, haƙorin Makkan ne kawai bai canja ba. Na durƙusa na gaishe ta yadda na gaishe ta wancan karon, na ɗora akushin a kan gadon kusa da hannunta mai lafiya. Na ce, "Inna ce ta ce a kawo."

'Yar'uwarta ta miƙo hannu za ta buɗe, na riƙe mata wuyan hannu na ce ta bari. Hajiya ta daɗe tana kallon ƙullin. Bakinta ya karkace, maganar da ƙyar take fita. Ta ce, "Har yanzu haka take ɗaure shi?"

Na ce, "Tun da kika mayar ba ta sake ɗaurewa ba sai yau."

Na ga ta gane, kuma abin da na zo gani ke nan. Ta ja kunnen, ƙyallen ya warware. Ƙamshin daddawa da man shanu ya cika ɗakin. Yunwa ba ta bar ta ta yi girman kai ba. Ta sa hannu ta ci, miya tana zuba ta gefen bakin da ya mutu, hawaye suna bi. Ban taya ta gogewa ba, ban kuma ce mata sannu ba. Na tsaya a kanta har ta suɗe gefen akushin. In akwai lada a ciyar da marar lafiya, ni dai ban sa rai da na wannan rana ba, don ba domin Allah na je ba.

'Yar'uwar ta wanke akushin ta kawo za ta miƙo mini. Hajiya ta yi mata alama ta dakata. Ta lalubi ƙarƙashin matashinta, ta daɗe tana lalube, ta fito da wani busasshen ɓarin goro da ya yi baƙi, ta jefa a ciki. Ba ta iya ɗaga ido ta dube ni ba.

Na tarar da Inna zaune inda na bar ta. Ta karɓi akushin ta ɗaga faifan, ta ga goron. Ta ce, "Da hannunta ta kwance?"

Na ce da hannunta.

"Ta cinye?"

Na ce tas.

Ta ɗauki ɓarin goron ta juya shi a tafin hannunta. Haƙoranta ba su da ƙarfin tauna shi, sai ta sa na kawo mata magogi, ta goge shi tsaf ta watsa a baki. Ta zauna tana mamula a hankali, fuskarta a sake yadda ban gan ta ba tun Baba yana da rai. Da ta haɗiye ta miƙo mini akushin.

Ta ce, "Shafa masa mai. Gobe ma za a kai mata."