Mugu Ya Tuba Kafin La'asar

Shekarar da aka tura ni koyar da Hausa a Shagari, kaina cike yake da karatun kwaleji. Ko ba a tambaye ni ba sai na bayyana cewa labari murhu ne mai duwatsu uku: jarumi, mugu, da mai taimakon jarumi. A lokacin kuma ina neman aure a Bodinga, magana ta kai inda dangin yarinya ke binciken halina.

Sai shugaban makaranta ya sa ni shirya wasan kwaikwayo kan tsabtar rijiya. Na rubuta, na raba wa ɗalibai. Jarumi kowa na so. Mugu kuwa, mai wanke akuyarsa a bakin rijiya yana zagin masu hana shi, iyaye suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ɗansa ba zai yi ba. A garin nan sunan da aka laƙaba maka a wasa da shi za ka tsufa.

"Malam, a cire mugun mana," in ji shugaba.

Na yi masa lacca mai tsawo, cewa in ba mugu labari ba ya motsi.

"To kai ka yi shi."

Na yi shi, kuma Allah ya sani na ji daɗinsa. Na yi zagi, na harari tsofaffi, na tura akuya cikin bokiti. Ban san kawun yarinyar ya zo daga Bodinga bincike ba, yana zaune a layi na biyu. A zubin wasana mugu yana tuba a ƙarshe, har da hawaye. Amma ana kiran la'asar tsohon ya tashi, ya yi salla, ya hau mota.

Kwana uku aka aiko a dakata da maganar aure. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ina sonta. Na tafi Bodinga na durƙusa a zauren kawun nata.

"Baba, wasa ne. Kuma ba ku ga ƙarshe ba, a ƙarshe na tuba."

"Ashe hak ka tuba," ya ce. "Mi kat tubam ma in ba ka aikata ba? Ni dai da idona nig ga zagin, ban ga tuban ba. Yi shi nan mu gani."

Haka na yi fitowa ta ƙarshe a gaban dattawa biyar, babu akuya, babu rijiya. Hawayen kam ba na wasa ba ne. Tsohon ya daɗe yana kallona, ya ce zagin ya fi kama da gaskiya, amma ya ba ni yarinyar.

Har yau Mai Akuya ake kirana a Shagari, matata ma haka in ta so tsokana. Ina nan kan bakana cewa labari sai da mugu. Abu ɗaya na ƙara wa ɗalibaina: su tabbata ya tuba kafin la'asar.