Malam Rabe da Bawul Ɗin da Na Matse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina tsugune gaban babur ɗin wani ɗan acaba, na kwance kafireta ina wanke ta da fetur, sai Mamman mai faci ya tsallako titi ya tsaya a kaina ko sallama bai yi ba. Ya ce Malam Rabe ya cika da asuba, za a yi jana'iza bayan azahar a Ƙofar Kwaya. Na san ya yi kusan mako biyu a kwance da ciwon ƙirji. Kullum sai in ce gobe zan je duba shi, don akwai maganar da ta yi wata tara a maƙogwarona ina son faɗa masa. Ban je ba. An laƙaba wa bawan Allahn nan mummunan suna a garin Katsina har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ni na jawo masa.

Garejinsa yana kallon nawa, titi ne kawai tsakaninmu. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Mu sauran kanikawa ƙananan baburan acaba muke fama da su, shi kuwa shi ake kai wa manyan nan masu silinda huɗu da ake kawowa daga Kwatano, waɗanda in an murɗa su sai kajin unguwa sun watse. Ba shi da yawan fara'a, kuma mun sha yi masa dariya a bayan ido saboda nawarsa. Mutum zai kawo babur yana sauri, shi kuwa sai ya ɗora bakin sukurdireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Daga nan ya ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa bututun salansa huɗun ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai yi cuu ba, silindarsa ce ba ta cin wuta daidai. Mai babur na ta zuba bayani, shi ko kallonsa ba ya yi. Yakan ce inji bai iya ƙarya ba, mai shi ne ya iya.

A kan bawul kuwa yana da doka guda wadda ban taɓa ganin ya karya ba: ba ya saita shi sai inji ya huce sarai, har ya ɗora bayan hannunsa bai ji ɗumi ba. Akwai ɗan tsakani da ake bari a kan kowane bawul, bai kai kaurin farce ba, saboda ƙarfe yana buɗewa in ya ɗau zafi. In ba a bar shi ba, bawul ba zai rufe ruf ba, wuta ta riƙa lasar bakinsa har ya ƙone ko ya karye. Wannan tsakanin shi ke sa inji yin ƙaf-ƙaf a hankali. To mutanenmu ba sa son wannan ƙarar, a wurinsu gwanin bakanike shi ne wanda ya sa inji ya yi tsit. Mu mun bi son masu babura, muna matsewa da reza a madadin ma'auni. Malam Rabe yana da nasa siraran ƙarafan awo a aljihun gaba, kuma yakan ce bawul mai 'yar ƙara numfashi yake yi, wanda ya yi tsit shi ke cin kansa.

Da sojoji suka ce za su miƙa mulki, gari ya ɗau zafi. Kowane ɗan takara yana son babban babur a gaban jerin motocinsa. Wani Alhaji mai takara a yankinmu ya sayi ɗaya ja, ya damƙa wa Iro, wanda duk Katsina an san shi da iya hawa. Malam Rabe aka ba kula da shi, kuma Alhaji ya yi gargaɗi kada wani hannu ya taɓa masa babur. Malam ya saita shi tsaf, ya bar shi da 'yar ƙararsa. Iro ya ce abokai na yi masa tsiya wai ya hau keken ɗinki. Da la'asar, bayan Malam ya tafi gaisuwar mutuwa, sai ga Iro a rumfata, inji na turiri, ya ce in kashe masa ƙarar nan. Gaskiya raina ya so. Na daɗe ina jin haushin yadda ake wuce ni da manyan babura kamar ni ba bakanike ba ne. Na buɗe murfi da tsumma saboda zafi, ban da sifana daidai da ƙananan notocin, sai na kama su da filaya. Na matse har inji ya yi shiru, Iro ya tafi yana yaba mini.

Washegari a Ƙofar 'Yandaka, a tsakiyar taro, babur ya yi ta harbi ta salansa, ya mutu a gaban motar Alhaji, ya ƙi tashi. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka yi ta shewa suna cewa tafiyar ta mutu tun ba a fara ba. Kafin magariba magana ta zaga cewa 'yan adawa sun sayi Malam Rabe. Iro bai faɗa wa kowa ya kawo mini babur ɗin ba, don ya san abin da zai same shi.

Da safe, da inji ya yi sanyi, babur ya tashi, Iro ya hawo shi har garejin Malam, yaran Alhaji na biye da shi. Mutum bakwai ne, wasu da gora, babbansu wani mai jan ido da ke kula da matasan Alhaji. Ya ce ƙarfe biyu za a kama hanyar Daura, a gyara yanzu a gabansu, in ba haka ba rumfar nan ba za ta kai azahar a tsaye ba. Ina jin komai daga inda nake. Malam ya ɗora bayan hannu a kan inji, ya janye.

"Sai ya huce," ya ce.

Mai jan ido ya buga gora a kan bencin aiki, sifanoni suka zube. Ya ce wannan ma dabara ce ta ɓata lokaci.

"In kun ƙone rumfar, ku kai shi wani wuri," in ji Malam. "Amma ni ba ni awon bawul da zahi. Wanga yaro zai hau shi da gudu a gaban motoci, in bawul ya karye mashi a hanya, mi zan ce ma uwarshi?"

Ya jawo kujera ya zauna yana jan carbi. Kusan awa uku aka yi a haka. Masu shaguna suka fara jawo ƙofofi. Ni kuwa ina riƙe da taya ɗaya ina kwancewa ina ɗaurawa, rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Sau biyu na miƙe da niyyar tsallakawa, sau biyu na koma na tsuguna. Na tuna rumfata ta kara ce da buhu, na tuna iyalina. Tsoro na ji, ba wani abu ba.

Da Malam ya buɗe murfin, sai ya tsaya. Shatin haƙoran filaya na nan a jikin kowane noti, kuma duk layinmu ya san wanda ke kama noti da filaya, don ya sha yi mini faɗa a kai. Ya ɗago kai ya dube ni ta tsallaken titi sau ɗaya, ya mayar da ido kan aikinsa. Ya zura ƙarfen awo mafi siranta, ya ƙi shiga. Mai jan ido ya tambaye shi wa ya yi wannan aikin.

"Bawul ya matse, na silinda ta uku ya fara ƙuna," ya ce. "Gyara aka kawo mani, ba shari'a ba."

Suka ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Shi kuwa ya kwance kan inji, ya sauya ƙonannen bawul ɗin da wani da yake ajiye, ya goga shi a mazauninsa har ya zauna daram, ya tsiyaya fetur ya ga ba ya yoyo. Ya auna sauran ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita kafireta huɗun da kunne har bugun injin ya daidaita. Ƙarfe biyu ta gota kafin ya gama, suna ta zaginsa. Iro ya je Daura ya dawo lafiya.

Alhaji ya ci zaɓe. Daga nan babu ɗan jam'iyyarsu da ya sake taka garejin Malam, kuma baburan acaba da aka raba wa matasa duk rumfata aka riƙa kawo su. Yara a layi suna kiransa mai kashe babur. Ya rage fita majalisa, ya koma gyaran injin ban-ruwa na mutanen ƙauye. Gaisuwarmu ba ta canza ba, kullum shi ke fara ɗaga mini hannu, kuma wannan ya fi duka ciwo. Sau ɗaya tak ya tsallako. Ya ajiye mini ƙarafan awonsa na biyu da ƙaramar sifana a kan benci, ya ce, "Sada, reza ta wanzami ce. Ka riƙa bari inji shi huce." Na buɗe baki, ya riga ya juya.

Ranar sadakar uku na je ƙofar gidansa. Bayan an shafa fatiha, na matsa gaban babban ɗansa Kabir, na faɗi duk abin da na rubuta a nan, a gaban liman da mutanen layinmu. Kabir ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ko mahaifiyarsu Malam bai taɓa faɗa wa wanda ya taɓa babur ɗin ba, ta tambaye shi har ta gaji. Ya ce, "Baba Sada, na san shi ya yafe maka tun ranar. Amma da ka faɗa yana da rai, da ya ji an wanke shi da kunnenshi."

Duk wanda ya taɓa kiran Malam Rabe da wancan suna, ko ya ji an kira shi ya yi shiru, ya sani hannunsa bai ɓata babur ɗin nan ba, hannuna ne.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Rabe, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba. Ka ba maiɗakinsa da Kabir da ƙannensa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu, ka albarkaci abin da ya bari. Ni kuma da na makara, ka yafe mini, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.