Kwabon da Baba Ɗayyabu Ya Ƙi Hudawa

Duk mai bi ta layin maƙera a kasuwar Kontagora ya san kafin ƙarfe takwas Baba Ɗayyabu ya share ƙofar rumfarsa, ya hura gawayi, ya ajiye wani tsohon gwangwani kusa da gwiwarsa. Maƙerin fari ne, aikinsa zobe da awarwaro. Amma ransa na cikin gwangwanin nan: anini, kwabo, sisi, sulalla, kuɗin zamanin Turawa da mata ke kawowa a narka. Shekara arba'in da ɗoriya bai taɓa jefa ko ɗaya a wuta ba sai ya juya shi ciki da bai a ƙarƙashin madubin ƙara girma da ya aro wurin maƙwabcinsa Silas mai gyaran agogo. Aro fa, tun Silas na da baƙin gashi. Har yau bai mayar ba.

Me yake nema? Rubutun da ya hau kan ɗan'uwansa, hujin da ya goce gefe, ɗan mitsitsin harafin da ke nuna gidan da aka buga kuɗin. Yakan ce, "Inji ma yana tuntuɓe, kuma tuntuɓen nan masu tara tsofaffin kuɗi ke bi da kuɗinsu." In kana son ganin fushinsa, dirje kwabonka da toka da lemun tsami kafin ka kawo masa. Ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Silas ne ya shaida ranar da Kulu ta zo. Bafillatana ce daga wata ruga a bayan Salka, ta sauke ƙwaryar nono ta kwance bakin zanenta. Tana da jerin kwabbai masu huji da ta gada, irin waɗanda ake kitsawa a gashi. Guda ɗaya ne ya fita zakka: ba shi da huji sam. Marigayiya innarta ta yi ta ajiyarsa tana cewa wata rana za ta kai a huda, har Allah Ya yi mata rasuwa.

"Baba, huda min shi in jera kafin Sallah," in ji Kulu.

Ya ɗora madubi, ya daɗe bai ɗago ba. Irin kwabon nan da hujinsa yake fitowa, wannan kuwa ya tsallake inji. A gwangwaninsa akwai masu huji fiye da hamsin. Da ya miƙa mata ɗaya ya soke nata a aljihu, da har godiya za ta yi.

"'Yar nan, ba zan huda ba."

"Aradu na sani, maƙeri dai tsoron kayan Fulani yake."

"Ke da kika biyo saniya har gari, me kika sani? Zauna ki ji. Rashin hujin nan shi ne darajarsa. In na sa ƙusa sau ɗaya, ya zama kwabo irin na kowa, kuma ba mai iya toshewa."

Kulu ta tafi tana mita, ta baza a kasuwa cewa tsohon ya kasa huda kwabo. Mako guda ana yi masa tsiya, yana dariya. Da wani mai tara tsofaffin kuɗi, Andrew, ya zo daga Kaduna, Baba ya aika aka kira ta, ya sa aka yi tayin a gabanta. Abin da aka taya zai sayi tumaki. Idon Kulu ya kawo ruwa.

"Hannun innata ne a jikinsa, Baba. Ni dai so nake in sa shi."

Baba bai ce mata ta yi wauta ba. Kwana biyu ya yi yana lanƙwasa siririyar azurfa, ya zagaye bakin kwabon da ita, ya bar 'yar kafa a jikin azurfar ta zura zare. Ko ƙwarzane bai yi masa ba, ko sisi kuma bai karɓa ba.

Baba Ɗayyabu, kai ne ka ga dukiya a hannun wadda ba ta san ta ba, ka bar mata abarta. Kai ne mai ido biyu, ɗaya na sana'a, ɗaya na tsoron Allah. Wallahi muna alfahari da kai.

Bana idon sana'ar ya gaji, Baba ya kashe wutar maƙera. Ranar sallama Kulu ta zo da ƙwaryar kindirmo, ta kunce kwabon daga kitsonta ta sa masa a tafi. Bai ga fuskarta sosai ba. Ya shafa tsakiyar kwabon da babban yatsa, ya yi murmushi.

"Kulu ce. Ashe har yau ba ki kai an huda ba."

Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, in an kawo muku abin da mai shi bai san darajarsa ba, ku gaya masa gaskiya kafin ku ɗauki ƙusa.