Ɗan Farin Furera Mai Fura

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Kiru ya san Furera mai fura. 'Yar rugar bayan Yako ce, ta auri manomi, ta haifi bakwai, ta binne mijin. Ba ta da yawan magana, amma taɓa mata ludayi ka sha faɗa.

Ɗanta na fari Muhammadu ne. To, ka san kunyar ɗan fari, balle ga Bafulatana. Shekara talatin ba ta taɓa kama sunan nan ba. "Wancan" take cewa, shi kuwa ya amsa.

Damina uku da suka wuce ya bi motar masara ta hanyar Doguwa, bai dawo ba. Ƙannensa suka yi nema har suka gaji. Ita ce ke zaune a bakin hanyar direbobi, amma da wane baki za ta yi cigiya? Wani malami mai sayen fura ne ya gaya mata sunan na Larabci ne, ma'anarsa abin yabo, kuma kowace ƙabila da yadda take lanƙwasa shi: Barebari Modu, Yarbawa Momodu, danginta Hammadu. Hammadu ya yi mata nauyi. Sai ta ari na baƙi.

Haka ta dinga tare direbobi, ko sun ga Modu, ko Momodu. Su girgiza kai su wuce. Da la'asar takan ji kamar an ce "Inna" a bayanta, ta waiga, ba kowa sai buhuna. Wallahi ni kaina na sha ganin waigen nan.

Bana ƙanwar mijinta ta tarar da ita tana tambayar wani direba, Idris. Ƙanwar mijin ta ce masa ai Muhammadu ake nufi, mai tabo a gira.

Idris ya ce an taɓa tsintar mai irin tabon a wani ƙauye bayan dajin Falgore, zazzaɓi ya taɓa masa kai, sunansa kaɗai yake iya faɗa. Sati uku yana kwance a zauren liman ana cigiyar danginsa, sannan ya rasu aka binne shi.

Furera ta tambaye shi yaushe ne.

"Inna, ranar da kika fara tambayata Modu, da safen na baro shi da ransa."